Suna Ne Ya Zo Ɗaya

Litinin, 4 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ke da mahaifiyarki. Wasiƙarki ta iso, amma ba zan zo ba.

Tun shekarar da aka haife ki nake riƙe da maganar nan. Babanki, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, ya shiga rediyo ya ce shi ya fara karatu a gidanmu. Ni da na riƙe masa hannu ya koyi rubutu, ni da na gama kwaleji yana yawo da majina! Ashe wanda aikin koyarwa ya kuɓuce masa har ya koma sayar da tsofaffin littattafai a bakin shagon tela, karatunsa ma goge shi ake yi.

Tun kafin wannan hirar ma, jarida ta taɓa jera masu sunan gidanmu: babban likitan ido, wato babanki, da wata mai shari'a, da wani ɗan ƙwallo da ba mu san kakansa ba. Tun daga nan duk mai sayen littafi sai ya tambaye ni, "Malam, me kake da Likita?" Nakan duba takalmina da ya sha ɗinki, in ce suna ne ya zo ɗaya. Ya fi mini sauƙi da a tsaya ana auna mu.

Kin ce ya fara mantuwa. Ai ni ya daɗe da mantawa da ni.

Naki,
Baffa

Asabar, 16 ga Fabrairu

Baffa,

Ina gaishe ka da girmamawa. Allah ya ƙara lafiya. Ka yafe mini in na yi kaushin baki.

Baba bai manta da kai ba. Mama ta ce kwana kaɗan bayan hirar rediyon ya gane ɓarnar da bakinsa ya yi, ya taho rumfarka don ya ba ka haƙuri. Ka fita cin abinci, sai ya tarar da tela. Da ya ce shi ƙanenka ne, tela ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, duk mai neman ragi ɗan'uwan Malam ne. Shi kuwa ya sha faɗa mana ba shi da kowa mai wannan suna." Baba ya sayi ƙamus ɗaya ya koma mota. Ƙamus ɗin yana kan teburinsa har yau.

Yanzu yakan sa farar rigar aiki ya zauna a falo yana jiran marasa lafiya. Jiya ya tambaye ni ko Yaya ya taso daga makaranta. Baffa, abin sauri yake yi. Don Allah ka zo cikin watan nan.

'Yarka

Juma'a, 1 ga Maris

'Yata,

Gaisuwa mai yawa. Na tambayi tela. Ya tuna da mutumin, ya ce har ƙafarsa ya duba, takalminsa na sheƙi. Ban iya haɗa ido da tela ba duk yinin.

Zan zo, amma ba a wannan kamar ba. Na ba da yadi a ɗinka mini riga. Ba zan shiga falon Likita kamar mai neman taimako ba. Ki ɗan ƙara mini haƙuri.

Baffa

Lahadi, 19 ga Mayu

'Yata,

Ina gaishe ki, kuma ki ba mahaifiyarki haƙuri da na fita ban yi muku sallama ba.

Da kika bar mu a falo, ya yi mini kallon kirki ya ce in matso ya duba idona. Ya ɗaga mini fatar ido da yatsansa, ya tambayi sunana. Na faɗa masa cikakke, har da na kakanmu. Ya yi murmushi ya ce, "Ikon Allah, suna ya zo ɗaya." Sannan ya yaba rigata.

Da a Fabrairu na zo, da na tarar da ƙanena. Yanzu ba shi da wa.

Baffa