Ƙararrawar Keken Kaka

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya Kano, ya maigidan da yara? Ya jikin Inna? Mu nan unguwar Tandabawi, kusa da Harami, lafiya lau, alhamdulillahi.

Kin san tun da ciwon ƙafa ya matsa wa Kaka ta daina zuwa Harami, wai ba za ta hau keken guragu a tura ta kamar buhun shinkafa ba. To, na kai keken wurin mai walda a unguwar Ka'akiyya, ya yi masa maƙalin lema da mazaunin gorar zamzam. Ni kuma na ɗaura jakar takalma a baya. Don tsokana na ƙara ƙararrawa, na ce, "Amarya, ga motarki."

Ta ce, "Ja'iri, wa zai auri mai kunnuwan jemage?" Sai ta kaɗa ƙararrawar sau biyu, ta ce, "Yalla mu tafi, miƙo mayafina." Juma'ar nan da ita aka yi salla. Da ta hango Ka'aba sai hawaye.

Yanzu fa ko shayi take so, ƙararrawa take kaɗa min, kuma ta hana a cire.

Ki gaida kowa. A sa mu a addu'a, musamman ni.

Ƙaninki,
Sabi'u