Abin da Na Bar Muku a Jini da a Gida

Ni mahaifiyarku nake rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, duk da idona ya yi rawaya, cikina ya kumbura. Likita bai ɓoye mini ba: kansar hanta ce, ta wuce a yi aiki. Ban firgita ba. Ku karanta tare a falo, ku kashe talabijin.

Na ɗaya. Kada wani ya ce muku jifa aka yi mini. Na tsufa ina koyar da kimiyya, ba zan bar 'ya'yana cikin duhu ba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B ce ta zauna a jikina, wataƙila tun ina jaririya. Tana ƙera wani furotin da masana ke kira X. Ƙwayoyin halittar hanta suna da birki: wadda ta lalace sai ta tsaya ta gyaru, in ta ƙi gyaruwa ta mutu. Furotin nan yana taimaka wa cutar ta hayayyafa, yana kuma raunana birkin, sai lalatattun su yi ta ƙaruwa har su zama ƙari. Shekara da shekaru ko zazzaɓi ban ji ba, ina aji ina yi wa 'ya'yan mutane tsawa.

Na biyu. Kai Babba da ke Auta, gwaji ya nuna kuna ɗauke da ƙwayar B ɗin nan. A wurin haihuwa kuka same ta daga gare ni. Ku je hoton hanta da gwajin jini sau biyu a shekara. In an rubuta magani, ku sha kullum. Babba, na san halinka: ranar asibiti ce motarka ke lalacewa. Na ba matarka izini ta tasa ka gaba.

Na uku. Ke Hajiya Ƙarama, tun da sakamako ya fito kika ware wa ƙanwarki kofi da cokali, ita kuma ta ɗauke ƙafa daga gidanki. Ba a ɗaukar cutar a kwano, kuma kin yi rigakafi. Yarinyar da kika goya ce. Ki je ki same ta tun ina da rai.

Na huɗu. Kawunku zai tsaya a raba gida yadda shari'a ta ce. Littattafaina na makarantarmu ne. Keken ɗinki na matar Babba ne; ita ta yi ta juya ni a gado ba ta taɓa ɓata fuska ba.

Na biyar. Auta, abin da ke cikinki a yi masa allurar rigakafi ranar da ya faɗo, ba washegari ba. Da yardar Allah, a kanku wannan cuta za ta tsaya.

Na yafe muku duniya da lahira. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku tsawon rai. Ku riƙe juna. Ranar asibitin ɗayanku, kada ya zauna a benci shi kaɗai.