Yayen Wahid

Ruga, bayan gari, Litinin

Ƙanwata Kausara,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya mutanen Choggu? Ki gaida maigidanki Sualihu. Kadiatu mai tallan nono na ba wa takardar nan, tunda kin hana ni aiko murya a waya, wai duk gidan hayarku kunne ne.

To, ɗanki ya cika mana ruga da kuka. Kwana tara ke nan da kika kawo min Wahid yaye. Ban ƙi ba, tunda Inna ta rasu ni ce uwar. Amma wa ya taɓa yaye yaro da shekara ɗaya da wata biyu? Mu da muka sha nono har muna gudu da ƙafarmu! Wuyansa har ya fara tsawo. Koko nake ba shi, da madara da ɗuminta daga jikin saniya, amma cikinsa sai gudu yake. Ƙananan ledojin garin da kika haɗo suna cikin kwalla, ban taɓa ba. Me lafiyayyen yaro zai yi da maganin asibiti?

Ki hau keke mai ƙafa uku, yalo-yalo, gobe ki zo ki mayar da shi nono. In gayu ne ya hana ki, ko nama ki zo ki tauna masa yadda Inna take mana. Yaro ba ya ƙin taunar uwarsa.

Ki huta lafiya.
Yayarki, Rahimatu

Choggu, Talata

Yaya Rahimatu,

Wa alaikumus salam. Allah ya saka miki da alheri, ya bar zumunci. Ki zauna kafin ki karanta.

Ba gayu ba ne, Yaya. Ina ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Tun awon ciki na sani. Sualihu ma yana da ita, tare muke karɓar magani, kuma garau muke. Shekara guda na shayar da Wahid ban yi fashin magani ba, gwajinsa biyu duk lafiya. Sai aka ga ƙwayar ta ɗan ɗaga kai a jinina, nas ta ce mu janye nonon a hankali. Saura gwajin ƙarshe, wata uku bayan yaye. In na mayar da shi nono yanzu, cikin haɗari na mayar da shi. Tauna ma an hana ni, don dasashina yakan yi jini.

Yunwa ke damunsa, ba kewa kaɗai ba. Ki tafasa madarar, ita ke gudar masa da ciki. Kokon ya yi kaurin da ba ya tsiyaya daga cokali, ki sa niƙaƙƙiyar gyaɗa ko dakakken busasshen kifi. Ƙwai in an samu, da tuwo mai laushi da miyar ganyen ayoyo. Garin leda kuwa ba magani ba ne, abin ƙara jini ne da nono yake ba shi a da. Leda ɗaya a rana, a barbaɗa bayan abinci ya huce.

Ba na jin kunyar kaina, tsoron fuskarki kawai na ji. In kin ga dama ki ware min kofi in na zo. Amma don Allah ki tafasa madarar.

Ƙanwarki, Kausara

Ruga, Juma'a

Kausara,

Salamu alaikum, ko da yake fushi nake da ke. Kofi? Ni da na goya ki har zanina ya tsage? Allah ya shirye ki.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ba ciwon ne ya fi ƙona min rai ba. Ni da hannuna na rubuta miki ki zo ki mayar da shi nono. Da ke mai jin magana ce fa? Yau na gode wa Allah da taurin kanki.

Yanzu ni ce abin dariyar ruga. Matan nan sun ce tun kakanni ba a taɓa dafa wa ɗan yaye madara ba, wai ina kashe mata albarka. Na ce musu ɗan birni ne, cikinsa na 'yan gayu ne. Ba wanda ya ji komai a bakina, ko babansu yara. Gudawar ta tsaya. Jiya ya cinye ƙwai guda, ya fizge cokalin yana bugun kaza da shi.

Ki zo ki ga ɗanki ranar Lahadi, ki sa riga mai rufaffen wuya kada ya tuna. Ki taho da maganinki, a gabana za ki sha.

Allah ya ƙara lafiya.
Rahimatu

Choggu, bayan wata uku

Yaya,

Ina gaisuwa. Yanzu muka dawo daga asibiti, ko takalmi ban cire ba.

Wahid ba shi da ita.

Da nas ta ɗora shi a ma'auni sai ta tambayi wa ya yi masa yaye, wai ta zo ta koya wa matan awo dama koko. Na ce sai dai ta bi ki ruga.

Muna tafe ranar Lahadi. Kofi ɗaya ya ishe mu.

Ƙanwarki mai taurin kai,
Kausara