Turare a Gonar Aro

Asabar, 15 ga Yuni, 2024

Na dasa bishiyoyin turare yau a gefen gona, can Kaikai. Ba turaren nan na bakin titin Kankia ba ne, wani iri ne da ganyensa ke ƙamshin lemun tsami. Da shi Sumayya ke sirace in tari ya taso mata, har daga Katsina nake sa a kawo. Yanzu ga dashen a hannuna, mai siracen tana ƙasa. Allah ya jiƙan ki, matata.

Lahadi, 7 ga Yuli

Gara ta ci biyu. Na zuba wa sauran toka.

Juma'a, 19 ga Yuli

Yaya Dalhatu, wan Sumayya, ya tare ni bayan masallaci. Gonar tasa ce, aro ya ba ni tun aurenmu. "Sada, mi ya kai ka? Ba a dasa icce a gonar aro, kai ma ka sani. Icce shi na girma, ɗiyanka su ce tasu ce."

Na ce don ita na dasa. Ya ce, "Ƙanwata ce kahin ta zama matarka."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni zan ci gonar wani? Ko da yake, in an bi al'ada, gaskiyarsa.

Asabar, 3 ga Agusta

Ya aiko: ko in tuge su, ko in bar gonar bayan girbi. Geron da muke ci kenan.

Ban tuge ba. Hannuna ya ƙi.

Talata, 22 ga Oktoba

Na kwashe amfanina, ya karɓi abinsa. Ko gaisawa ba ma yi. Awaki su ƙarasa sauran dashen, ba ruwana.

Juma'a, 10 ga Janairu, 2025

Hanya ce ta bi da ni Kaikai, ba wai zuwa na yi ba. Duk sun bushe sai ɗaya, ta kai ƙirjina. An kewaye ta da ƙaya, gindinta a jiƙe, cikin ranin nan.

Sai ga Yaya da jarkar ruwa a bayan keke. Bai dube ni ba. "Ta Sumayya ce, ba taka ba," in ji shi.

Na ce ya riƙa zuba toka saboda gara. Ya murje ganye ɗaya ya shinshina.

Akwai toka a gida. Wataƙila jibi in kai.