Takardar Jan Biro

Lahadi, 3 ga Mayu

Fasto ya faɗi yau, a kan mumbari.

Yana tsakiyar addu'a ne. Ya ce, "Ya Ubangiji, ka..." sai shiru. Mu kuma idanu a rufe, muna jiran sauran maganar. Ina jin mun yi minti guda cur muna jira, kafin muka ji ƙarar faɗuwarsa. Kafinta da wasu maza biyu suka ciccibe shi zuwa mota. Takalminsa ƙafa ɗaya ya rage a gindin mumbari, an rasa mai ɗauka.

Ba a rufe sujada ba. Haka aka watse.

Laraba, 6 ga Mayu

Shanyewar ɓarin jiki ce. Ba ya magana. 'Ya'yansa sun zo sun tafi da shi can inda suke. Sakataren ikilisiya ya buga wa hedkwata waya, an ce mu yi haƙuri, babu faston da za a turo yanzu. Ko wata uku, ko shekara.

Shekara goma sha tara yana tare da mu. Shi ya binne matata.

Lahadi, 10 ga Mayu

Dattawa mun zauna mun raba aiki. Da aka zo kan babbar addu'a, duk suka juyo gare ni. Sakatare ya ce, "Baba Malam, kai ne babbanmu, bakinka ya fi namu kusa." Na ce ƙirjina ba daɗi, tari ba zai bar ni ba.

A nan dai zan iya faɗin gaskiya. Tun da marigayiya ta tafi, shekara biyu da wata huɗu ke nan, ban yi addu'a ba. Ina durƙusawa, gwiwa ta yi ciwo a banza, in tashi. A majami'a baki ne kawai ke motsi, in an ce amin in ce amin.

Kafinta ne ya karɓa. Minti ashirin da biyar, na duba agogo. Har kwanon rufi sai da ya yi wa addu'a. Mai Keke, telar da ke zama a bayana, ta ce ƙasa-ƙasa, "Da bencinsa na da ƙarkon addu'arsa, da mun huta."

Talata, 12 ga Mayu

Akwatin!

Ina wanke kofi na tuna, sai da na dafa bango. Akwatin katakon da ke bakin ƙofar majami'a, wanda mai damuwa ke rubuta roƙonsa ya jefa, ba suna. Fasto kaɗai ke buɗewa. Ya yi addu'a a kansu a ofishinsa, in ya gama ya ƙona. Ni kuma safiyar ranar da ya faɗi na jefa tawa takardar. Wata shida ina jinkiri, sai ranar.

Tana ciki har yanzu.

Laraba, 13 ga Mayu

Abin da nake gudu. A taron addu'a na yamma Sakatare ya kawo maganar akwatin. Makullin yana aljihun Fasto, ya tafi da shi. Na ce amana ce, a bar shi sai sabon fasto ya zo. Mai Keke ta ce, "Haba Baba Malam, mutane sun sa ne don a yi musu addu'a, ba don gara ta samu abinci ba. Ai ba suna a jiki."

Aka tsayar: Laraba mai zuwa Kafinta zai kwance murfin, kowa ya zari takarda ɗaya ya karanta, a yi addu'a tare.

Ba suna, gaskiya ne. Amma da jan biro na rubuta. Shi ne a aljihuna, kamar kullum. Shekara talatin da ɗaya ina koyar da aji uku, rabin mutanen nan sun girma suna ganin jan rubutuna a gefen littattafansu. Mai Keke, Kafinta, har Sakataren kansa.

Asabar, 16 ga Mayu

Na je majami'a da rana, da ƙarfen saƙar marigayiya a cikin hannun riga. Sau uku ina hutawa a hanya. Na zura shi ta bakin akwatin ina lalube, ina jin takardu na motsi, ko ɗaya ta ƙi fitowa. Sai ga mai shara da bokiti. Ta ce, "Baba, wani abu ne ya faɗa?" Na ce ina duba ko katakon ya ruɓe ne.

Ƙarya, a ɗakin Allah, ina da shekara tamanin da ɗaya.

Lahadi, 17 ga Mayu

'Yata ta bugo. Na ce komai lafiya. Minti huɗu.

Laraba, 20 ga Mayu

Na so in ƙi zuwa, sai na ga rashin zuwan ma tona asiri ne.

Mu ashirin da uku. Aka juye takardun a kwando, aka zaga da shi. Na sa hannu ina neman tawa da ido, ban gan ta ba, na zari wata na dunƙule.

Aka fara. Ɗa ya bar gida, wata biyar ba labari. Wata tana jiran sakamakon asibiti. Wani shi da ɗan'uwansa ba sa ga-maciji tun rasuwar uwarsu. Ban taɓa sanin abin da ke zaune a kan bencinan nan ba, kullum sai gaisuwa da murmushi.

Sai Mai Keke ta buɗe tata. Daga inda nake na hango jan ta bayan takardar. Ta tsaya. Sakatare ya ce, "Muna jin ki." Ta sake tsayawa. Sannan ta karanta, a hankali, kowace kalma a wurinta:

"Fasto, tun da na rasa abokiyar zamana na kasa addu'a. Ina magana ba na jin kowa a can. Ana girmama ni a kan abin da ba ni da shi. Ka roƙa mini, in akwai mai ji."

Ba wanda ya kalle ni. Da haka na gane kowa ya sani. Mutum ashirin da biyu, ko ɗaya wuyansa bai juyo ba.

Kafinta ya miƙe. Na ce a raina, yau kuma sai rana ta faɗi. Ya ce, "Ya Ubangiji, wannan bawa naka da ya koya mana..." Mai Keke ta yi wani irin tari. Ya ce, "...wanda ba mu san ko wane ne ba." Wata ta fashe da dariya a baya, dariyar ta koma kuka. Ya ce, "Ya gaji. In bakinsa ya kasa, ka karɓi namu a madadin nasa, har ya huta. Amin."

Shi ke nan. Kafinta, da jimla uku.

Da aka zo kaina na ce na manta tabarau a gida. Yana kan hancina. Sakatare ya ce ba komai, lokaci ma ya ƙure, kowa ya tafi da wadda ya zara.

Alhamis, 21 ga Mayu

Ban buɗe ƙofa ba yau.

Da la'asar na warware takardar da na zara. Da fensir mai kauri aka yi ta, irin na zana katako, kuma hannun na san shi tun yana ɗan shekara takwas, ba ya taɓa zama a kan layi.

"Idona na dama ya mutu, na hagu ya fara. Ban gaya wa matata ba. Ina tsoron injin yanka."

Kafinta. Yara biyar. Shi ne ya ɗauki Fasto a kafaɗa.

Lahadi, 24 ga Mayu

Ban je sujada ba. Karo na farko ba tare da zazzaɓi ba.

Bayan an tashi sai ga Mai Keke da kwanon abinci, Kafinta na biye da ita, wai ya ji ƙofar ɗakina na kuka. Shekara uku tana kukan. Na ce mata, "Ke, don me kika karanta? Ba sai ki ƙirƙiro wata ba?" Ta ce, "Na yi niyya, Baba Malam. Amma wa ya koya mana a karanta abin da aka rubuta, ba abin da ake so a gani ba? Kuma biron nan ko a mafarki na san shi, sau nawa ya zana mini sifiri."

Na ci abincin, duka.

Kafinta na gyara ƙofa ina kallonsa. Ƙusa ta faɗi kusa da ƙafarsa ta dama. Bai gan ta ba. Da yatsu ya lalubo ta, yana fito, kamar ba komai.

Laraba, 27 ga Mayu

Na je. Na zauna a baya. An gaishe ni kamar kullum, ba ƙari. Har yanzu hedkwata shiru.

Juma'a, 29 ga Mayu

Da safe ina tarar ruwa a famfo na ji injin Kafinta ya tashi daga ƙarshen layi. Sai na ji bakina ya ce, "Ka tsare masa yatsunsa." A fili. Na waiwaya, ba kowa a tsakar gida.

Ban durƙusa ba, ban rufe ido ba, ban ce cikin sunan kowa ba. Don haka ba zan kira shi addu'a ba. Amma da injin ya sake tashi na sake faɗa, na ƙara da idon hagun. Bokiti ya cika yana zuba ban lura ba.

Gobe zan bi ta shagonsa, in ce ƙofar ta koma kuka. Ko na raka shi wurin likitan ido, ko na zauna yayin da yake gaya wa matarsa, ya zaɓa.

Takardar tana aljihun rigata, kusa da biron. Fasto ƙona su yake yi in ya gama. Ni ban gama ba.