Saƙon da Shu'aibu Ya Daɗe Yana Riƙe da Shi

Damba, Gusau.

Zuwa ga Yayata Halima,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar girma da kewa, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya ke da Alhaji da yara a can Fatakwal. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon ƙafar nan. Mu nan kalau muke. Inna na Bunguɗu, ta warware daga zazzaɓin, har ta koma faɗa da kajinta. Na zaɓi in rubuto ne don maganar ba ta waya ba ce, kin san ni da saurin kuka.

Kullum kina tambayata ƙaninmu Shu'aibu, ni kuwa ina ce miki da sauƙi. To, sauƙin na baki ne. Tun da Allah ya kuɓutar da shi daga hannun 'yan bindigar da suka ɗauke shi a hanyar Tsafe, ya dawo wurin aikinmu na sayar da iri da taki, amma gangar jikin ce kawai ta dawo. Ba ya ci, ba ya hira. Kin kuma san dokar Inna, kada kowa ya tambaye shi abin da ya gani. Ko shi ya buɗe baki, sai masu jaje su tare shi da a bar tuna baya, Allah ya kiyaye gaba. Har a wurin aiki haka muka bi, saboda kara. Ina kallon yaron nan yana ƙarewa a gabana, tsoro ya cika ni.

Ana nan sai aka kawo mana sabuwar shugaba daga Kaduna, Hajiya Binta, mace mai son mutane. Ba wanda ya ba ta labarinsa, kowa na jin nauyi. Ta ce za ta fita da mu mu shaƙata, mu saba da juna, ta kai mu wani sabon gidan wasa a cikin gari. Wai ɗaki ake kulle ku a ciki, ku bi alamomin da aka ɓoye ku nemo makulli kafin lokaci ya cika. Yaya, ki ji fa, manya da hankalinsu su kai kansu a kulle su, a Zamfara kuma! Sai a bakin ƙofa na gane irin wasan. Na dubi Shu'aibu, ya sunkuyar da kai ya shiga, don ba zai iya ce wa babba a'a ba.

Ana murɗa makulli daga waje, sauran suka hau bincike da dariya, ana ɗaga tabarma, ana leƙa akwatuna. Shi kuwa ya cire takalmansa, ya durƙusa a lungu ya fuskanci bango. Da Tajuddeen direbanmu ya taɓa ƙofar, sai ya zabura ya riƙe masa ƙafa, yana roƙonsa don girman Allah ya bari, wai in aka ga mutum ɗaya na neman hanya, sauran ake kashewa, haka aka yi wa Labbo. Hajiya ta buga ƙofa aka buɗe mana, tana hawaye tana ba da haƙuri. Shu'aibu ya ƙi fita. Ya zauna a ƙasa ya ce yau dai a bar shi ya faɗa. Muka zazzauna kewaye da shi, ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri.

Ashe Labbo wani makiyayi ne daga gefen Bilbis da aka ɗaure su tare, shi ke raba masa ɗan tuwon da ake ba su. Wani daga cikin waɗanda aka kama ya gudu, aka huce a kan Labbo. Kafin ya cika ya roƙi Shu'aibu ya sanar da matarsa Tambaya, kada ta zauna jiran wanda ba zai dawo ba. Wannan amanar ce ke cin ƙaninmu duk watannin nan, mu kuma muna toshe masa baki da sunan tausayi.

Ranar Asabar Tajuddeen ya kai mu gidan Labbo, ni da Shu'aibu. Mun sami Tambaya tana daka, da goyo a bayanta. Har ranar ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba. Ta saurare shi har ƙarshe ba ta katse shi ba. Abu ɗaya ta tambaya, ko an yi masa salla. Shu'aibu ya ce shi da kansa ya yi masa, shi ya rufe shi. Ta yi masa godiya, ta ajiye taɓarya, ta cire 'yan kunnenta ta shiga ɗaki.

Inna ba ta san mun je ba. Ki kira ta ki faɗa mata, ke take ji, ki roƙe ta in ya fara magana ta bar shi ya kai aya.

Ki gaishe mini da Alhaji, da Nafisa da Aliyu. Inna da Kawu Garba suna gaishe ku. Ku sa Labbo a addu'a.

Taki ƙanwa,
Rahama.