Na Ji An Fito da Makara, Na Rufe Taga

Assalamu alaikum Malam Sharhabilu. Don Allah ka taimake ni da shawara. Yau kwana goma sha tara ina yawo da wani abu a ƙirji wanda ko matata ban iya faɗa wa ba.

A Kaduna na tashi, amma asalin mahaifina Batsari ne. Aikina a kwamfuta yake, ina amsa saƙonnin abokan cinikin wani kamfani na Legas da ban taɓa taka ofishinsa ba. Haya da kuɗin mota suka ci ƙarfina a birni, albashi ba ya ganin tsakiyar wata. Shekara biyu da suka wuce na kwaso iyali muka dawo wani ɗan gari a hanyar Yasore. 'Yan'uwa suka ce na zautu, ana gudowa daga yankin saboda rashin tsaro ni kuma ina komawa. Allah ya tsare, kuma na huta. Hayar shekara a nan ba ta kai ta wata biyu a can ba. Na kafa sola, ina sayen gero da wake da kaka in ajiye. Har alfahari nake wa abokaina cewa na gano dabarar zaman duniya.

Katanga ɗaya ta raba ni da wani dattijo manomi, Malam Armaya'u. Shi ya laƙaba mini Mai Kwamfuta, yana tsokanata wai ni kaɗai ya taɓa gani ana biya don kallon gilashi. Da ya lura bishiyar bedin gidansa na tare wa solata rana, da kansa ya sa aka sare reshen, ban roƙa ba. Matarsa, Inna Indo, tun ranar da muka tare take aiko mana da kwanon fura da nono kullum da azahar.

Malam Armaya'u ya yi mako yana jinya. Ranar wata Laraba da hantsi ina cikin taron kamfani ta kwamfuta, wanda daga shi za a zaɓi waɗanda za a sabunta wa kwantiragi, kyamara a kunne, matata Surayya kuma ta tafi Katsina awon ciki. Sai na ji kuka ta katanga. Na gane. Na ce a raina bari a kai hutu in fita. Ba a ba da hutun ba, ni kuma ban nema ba, tsoro nake a ce ba ni da himma. Bayan kamar awa biyu na ji takun mutane, an fito da makara, ta bakin tagata za a wuce. Malam, na miƙa hannu na rufe tagar don kada ƙarar ta shiga taron.

Kafin in fito har an dawo daga maƙabarta. Na je wurin makoki na zauna, na ce wa babban ɗansa Yasir abin sauraro ne a kunnena, ban ji komai ba. Ya yi mini godiya kawai. Shi ne ke riƙe da gaban makarar, kuma ban sani ba ko ya ga hannuna. Ranar sadakar uku na aika da buhun shinkafa, aka karɓa, aka yi addu'a.

Ba wanda ya zage ni. Amma gaisuwa ta gajarce, daga lafiya lau sai kowa ya kama gabansa, ba gida ba gajiya. An sa gayyar girbin geron marigayin ranar Asabar mai zuwa, an faɗa wa kowa a unguwa ban da ni. Abin da ya fi ci mini rai, kwanon Inna Indo bai fasa zuwa ba ko da rana ɗaya, tana cikin takaba. Ba na iya sha. An sabunta mini kwantiragin kuwa, ban ma yi murna ba.

Na samu gida a Tsaskiya, can Safana, inda ba a san ni ba. Birni dai ya fi ƙarfina. In tashi, ko in zauna in yi shiru har a manta?

Naka, Mai Kwamfuta.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana.

Allah ya jiƙan Malam Armaya'u, ya sa ya huta. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma na tausaya maka.

Bari in fara da ɓangarenka. Aikinka aiki ne, ko da maƙwabtanka ba su ga gumi ba. Kana da iyali, ga ƙaruwa na tafe, tsoron rasa abinci ba abin kunya ba ne. Jana'iza kuma idan wasu suka yi ta sun ɗauke wa saura. Saboda haka daina ɗaukar kanka kamar wanda ya yi kisa.

Amma akwai kuskure a tunaninka tun kafin ranar Larabar. Ka ɗauka arahar kasuwa ce ta sauƙaƙa maka zama. Duba da kyau. Reshen da aka sare, da furar kullum, da kwanciyar hankalin baƙo a yankin da kowa ke tantance wanda zai yarda da shi, mutane ne suka ba ka. Ba su nemi ko sisi ba. Abin da suke jira kawai su gan ka a tsaye a cikinsu ranar da ta ɓaci. Shi ya sa shinkafarka ba ta gyara komai ba, ba yunwa suke ji ba.

Batun Tsaskiya cire shi a ranka. Kafin ka sauke katifa, 'yan kasuwa da masu babur sun kai labarinka, kuma a can ma ana mutuwa ranar aiki.

Ga shawarata. Fara da Surayya, ka faɗa mata gaskiya yau. Sannan ka sami Yasir shi kaɗai, ba a dandali ba, ka ce masa ka ji, ka ji tsoron aikinka, ka yi masa ƙarya, ka nemi gafara. Kada ka haɗa da dogon bayanin kamfani. Ko ya ga hannunka ko bai gani ba, kai ka san ka miƙa shi. Roƙe shi ya raka ka ya nuna maka kabarin. Mai yiwuwa ya yi sanyi nan take, mai yiwuwa ya ɗauki lokaci, wannan haƙƙinsa ne.

Ka kuma rubuta wa shugabanka cewa a inda kake ana binne mamaci cikin awanni, idan an yi rasuwa a maƙwabta za ka tashi ka rama aikin daga baya. Ina kyautata zaton da ka nema ranar da an ba ka.

Ranar Asabar kada ka jira gayyata, kada kuma ka ɗauki ɗan ƙwadago ya je a madadinka. Ari magirbi ka riga su isa gonar. Za su yi maka dariya, hannun kwamfuta zai yi bororo kafin hantsi. Bar su su yi, da dariyar za a fara dawo maka da gaisuwarka.

Furar Inna Indo kuwa, ka sha. Matar da ke takaba ta tuna da kai kullum da azahar ba ta cire ka daga maƙwabta ba. Wanke kwanon, ka kai shi da hannunka har zaure, ka yi sallama, ka yi mata ta'aziyyar da ba ka yi ba.

Allah ya sauki Surayya lafiya, ya daidaita tsakaninku da mutanen unguwa. Tagar nan kuma a bar ta a buɗe.

Malam Sharhabilu.